Ɗinkin Bahago

Kwana ɗaya da dawowarsu daga babban asibiti, Malam Jafaru gyartai ya ce shi fa ba za a taɓa masa jijiya ba.

Da hantsi ne, a tsakar gidansa da ke Karare. Matarsa Fanta tana bakin murhu tana dama koko. Surukinsu Sharfaddeen, malamin makaranta a Safana, mijin autarsu Zuwairatu, yana durƙushe a gefen tabarma da takardun asibiti a hannu. Shi ya raka tsohon birni, shi ya ji duk abin da likita ta faɗa, don haka da ya ji wannan magana sai da takardun suka kusa suɓuce masa.

"Baba, Allah ya ba ka haƙuri, ban fahimta ba."

"Me ke da wuyar fahimta? Ƙofar da suka ce ta lalace, su canza ta, na yarda. Jijiya kuwa a bar mini abata yadda Allah ya shimfiɗa ta."

Ciwon ya fi shekara yana bin Malam Jafaru. Da fari haki ne kawai idan ya hau tudu. Daga baya sai ƙirji ya riƙa yi masa nauyi kamar an aza masa buhun gero. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi a hanyar Darini, da kayan ƙwarya a kansa, ranar ce aka daina jin ta bakinsa. Daga asibitin Batsari aka tura su Katsina, daga Katsina aka tura su wani babban asibiti mai nisa, inda wata gidauniya ke ɗaukar nauyin masu ciwon zuciya. An ba shi mako uku ya koma gida ya kimtsa, sannan ya dawo a yi tiyata.

Sharfaddeen ya juya wajen Fanta, idonsa a ƙasa. "Inna, ke ba ki je ba, bari in gaya miki yadda likita ta yi bayani, ko kya taya ni roƙo. Ta ce ƙofar da jini ke fita daga zuciya ya zaga jiki ta tsuke, ta yi tauri kamar busasshiyar fata, dole a sa sabuwa. To kafin a yi, sai suka zura wani siririn abu ta cinyar Baba suka ɗauki hoton jijiyoyin da ke shayar da ita zuciyar kanta. Biyu sun kusa toshewa. Ta ce in aka sa ƙofa aka bar su haka, zuciyar na iya gazawa tun ana cikin aikin, ko bayan an tashi. Tunda ƙirjin sau ɗaya za a buɗe, gara a gyara duka. Za su yi wa jinin ratse ne, ya kewaye wurin da ya toshe."

"Da me za su yi ratsen?" in ji Fanta.

"Da jijiyar jikinsa. Ɗaya a cikin ƙirjin take. Ɗayar da a ƙafa za su ɗauka, sai suka tarar na ƙafar Baba duk sun kumbura sun murɗe, saboda yawon rugage. Shi ne za su ɗauka a hannu. Likita ta tambaye shi wane hannu ya fi aiki da shi, ya ce dama. Don haka a hagu za a cire, daga wuyan hannu zuwa gwiwa."

Ludayin da ke hannun Fanta ya tsaya cak a cikin kokon. Ta ɗaga ido ta dubi mijinta. Shi kuwa ya kafe idonsa a kan wata kaza da ke tono a gindin rumbu, kamar bai taɓa ganin kaza ba.

Fanta ta ci gaba da dama kokonta. Sai da Sharfaddeen ya gaji da roƙo, ya yi sallama ya hau babur ɗinsa da rai a ɓace, sannan ta wanke hannu ta bi tsohon zuwa ɗakin aikinsa.

Ɗakin nan duk Karare an san shi, amma ba wanda ya san cikinsa. Ranar kasuwar Batsari Malam Jafaru zai karɓi fasassun ƙorai a wurin matan Fulani, ya ɗauro su gida, ya shige ɗaki ya saki asabari. Wata kasuwar ya mayar musu da su a ɗinke, ko ɗigon nono ba sa yoyo. Sauran masu gyarta a bainar jama'a suke aikinsu, a gindin bishiya, ana hira. Shi ko 'ya'yan cikinsa bai yarda su leƙa ba. Mutane suka ce rowar sana'a ce, ba ya son a ɗauki hannunsa.

Fanta kaɗai ta san gaskiya, kuma shekara arba'in da ɗaya ke nan tana riƙe da ita. Tana budurwa ta zame a bakin rafi da babbar ƙwaryar mahaifiyarta, ƙwaryar ta tsage gida biyu. Da kuka ta iso gidan gyartai, tsoro ya sa ta manta da sallama, ta ɗaga asabarin kawai. Sai ga saurayi a zaune, ƙwarya a tsakanin gwiwoyinsa, basilla a hannun hagu tana shiga tana fita kamar walƙiya. Yana ganinta ya mayar da hannun bayansa kamar wanda aka kama da kayan sata.

"'Yar Fulani, ki rufa mini asiri," ya ce.

Ta share hawaye ta ce, "In ka ɗinke wannan kafin Inna ta sani, ka rufa nawa, in rufa naka."

Wayyo, ranar ce zuciyarta ta tafi ba ta dawo ba. Ba kyansa ne ya ɗauke ta ba, don shi dai ba a taɓa lissafa shi cikin kyawawa ba. Tsoron nan da ta gani a idonsa ne. Sai bayan aure ya ba ta labarin: yadda mahaifinsa, Liman Yusha'u, ya ɗaure masa hannun hagu a ƙugu da tsohon rawani damina guda cur yana ɗan shekara shida, har ya koyi ci da rubutu da noma da gaisuwa da dama. Komai ya koma dama, ban da basilla. Kawunsa Salmanu da ya koya masa gyarta ya ga ƙorai na ƙarewa a hannun damansa, sai wata rana ya saki asabari ya ce, "Sa ɗayan. Nan ba mai ganinka."

Yau ma a bayan asabarin ta same shi, yana shafa wata ƙwarya da babban yatsansa na hagu, idonsa a rufe. Haka yake gano tsagar da ido ba ya gani.

"Gyartai," ta kira shi da sunan da take kiransa in su biyu ne. "Me ya sa ka ce mata dama?"

"A gaban surukina? Me kike so in ce?" Ya ajiye ƙwaryar. "Kuma ƙarya na yi? Da me nake ci? Da me nake noma?"

"Da me kake ciyar da mu?"

Ya sake ɗaukar ƙwaryar. Can ya ce, "Likitar ta ce jijiya biyu ce a hannu, in an ɗauke ɗaya, ɗayar ta isa. Amma ta ce wasu yatsansu kan yi dundum, ya daina ji na wani lokaci. Wasu kaɗan kuma abin ba ya sakinsu. Fulani, yatsan nan shi ne idona. In ya mutu, wa aka tayar daga gadon? Wani tsoho ne dai za a dawo miki da shi, ba ni ba."

"To ka gaya musu gaskiya, su ɗauka a dama."

"In gaya musu, Sharfaddeen ya ji, Zuwaira ta ji, Safana ta ji, Batsari ta ji? Kin san abin da za a ce? Shekara arba'in matan Musulmi suna zuba nono, suna dama wa mazansu fura, a ƙwaryar da aka ɗinke da hannun tsarki. Ɗan liman guda! Da wane ido zan dubi matan nan?" Numfashinsa ya fara sarƙewa, ya dafe ƙirji, ya jira ya lafa. "Su sa ƙofar kawai. In kwana ya ƙare, ya ƙare. Ke kuma kin yi mini alkawari, ban sake ki daga shi ba."

Fanta ta fito ta zauna a kan turmi, ta rufe fuska da gefen zane. Ta san mutumin nan. In ya ce a'a a hankali, ba a ɗaga murya ba, to ba mai juya shi. Ga alkawari, ga ran mijinta, kuma ko wanne ta saki ta yi asara.

Kwana biyar aka yi ana fama. Zuwairatu ta zo da goyo ta yi kuka ta koma. Sharfaddeen ya buga wa likita waya, likita ta ce ba za ta tilasta wa kowa ba, amma ita a ganinta rabin aiki a irin wannan zuciya ganganci ne, a dai ci gaba da lallashinsa. Limamin unguwa ya zo ya yi nasiha a kan neman magani. Malam Jafaru ya saurari kowa da ladabi, ya gode wa kowa, bai motsa ba.

Rana ta shida Fanta ta ɗauki wata ƙwarya da ya gama ɗinkewa ta ƙanwarta Jinjiri, ta ce za ta kai mata. Ba don ƙwaryar ba ne. So take ta yi kuka a inda ba za a tambaye ta dalili ba. Ta shiga motar safe ta Batsari, daga can ta hau ta Safana, don yanzu ba mai son la'asar ta yi masa a hanya.

Tun da zaman daji ya gagara, rugar su Jinjiri ta matso bakin gari, 'yan bukkoki da sauran shanun da suka rage. Ta tarar da ita tana kaɗa nono a gora. Jinjiri mace ce mai shekara hamsin da ɗoriya, siririya, mai baki kamar aska. Bayan doguwar gaisuwa, an tambayi gida da shanu da gajiya, sai ta ce, "Adda, ina mijina Kaɗo? An ce za a buɗe shi kamar kabewa."

Fanta ta fashe da kuka. Ta faɗi abin da za ta iya faɗa: ƙofa, jijiyoyi biyu, ratse, da taurin kan tsoho.

"To shi me ya dame shi da jijiya ɗaya? A ina za su cire?"

"A hannu."

"Wanne?"

"Hagu."

Jinjiri ta saki goran. "Hagu? La'ilaha illallahu! Su likitocin ba su da ido ne? To da me zai riƙe basilla?"

Fanta ta ji kamar ƙasa ta juya da ita. "Ke... wa ya gaya miki?"

"Ya gaya mini me?"

"Cewa shi..." Kalmar ta maƙale. Shekara arba'in da ɗaya ba ta taɓa fitowa daga bakinta ba.

"Cewa bahago ne?" Jinjiri ta dube ta, ta ga da gaske take, sai ta kwashe da dariya har da buga cinya. "Adda! Kar dai ki ce mini kin zaci ke kaɗai kika sani?"

Ta shiga bukka ta fito da ƙwarya, ta jera ta kusa da wadda Fanta ta kawo. "Duba nan. Wannan ɗinkin gyartan Yasore ne. Kin ga zaren kabar ya kwanta haka? Na gyartan Runka ma haka yake kwanciya, na kowa haka. Yanzu duba na Kaɗonki. Ya kwanta ɗaya ɓarin. Kuma kowa a nan yake ƙulle zarensa, shi a can. Mu da muke wanke ƙwarya safe da yamma, yatsanmu na bin ɗinkin nan, a ce ba mu sani ba? Ke ba ki lura ba don tunda kika yi aure ba ki taɓa wanke ɗinkin wani ba."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da kika kawo wa Inna ƙwaryarta kina muzurai wai ba abin da ya faru. Ta juya ta, ta ce, 'Yarinyar nan ta fasa mini ƙwarya, kuma bahago ya ɗinke.' Ta mayar kan danki, inda take jera ƙoranta, ba ta ce miki komai ba. A rugage in mace ta ce a kai wa mai kwantaccen ɗinki, shi ake nufi."

"Ba wadda ta ƙyamata?"

"Ƙyamar me? Hannun ba ya wanke shi ne? Ko mu ba mu wanke ƙwaryar? Ba hagu ya ba mu abinci da shi ba, ɗinki ya yi. Mu dai nono kar ya zube."

Fanta ta riƙe baki. "To me ya hana wani ya faɗa, duk shekarun nan?"

Jinjiri ta daina dariya. "Adda, mutum ya shiga ɗaki ya saki asabari. Mun ga ba ya so a gani, sai muka kau da kai. Ina laifi?"

A nan Fanta ta kwana. Washegari da rana tsaka suka iso Karare tare, Jinjiri da ƙunshin ƙorai a ka. Tun a mota Fanta ke roƙonta ta bi a hankali, zuciyar mutumin ba ta son firgita. Jinjiri ta ce ita ƙanwar mata ce, Allah ya halatta mata abin da ya haramta wa kowa a gidan nan.

Suka same shi a inuwar rumbu, jingine da bango. Ya rame a kwana shidan nan fiye da wata guda.

"Kaɗo, jam? Lafiya dai? An ce za a sa maka sabuwar zuciya. In an sa, ni za ta so ko Adda?"

Ya yi ɗan murmushi. "Ko tsohuwar ba ta so ki ba, balle sabuwa. Me kika kwaso haka, Bafillatana? Gudun hijira kuma?"

"Aiki na kawo maka." Ta sauke ƙunshin ta kwance. "Wannan ta Larai maƙwabciyata ce, wannan ta surukar Halima, waɗannan biyun nawa. Sun ce ba sauri suke ba, ka je a gyara ka ka dawo. Amma sun ce in gaya maka, kar ka kuskura ka bari a taɓa hannun da ke yi musu ɗinki. In dai yanka za a yi, ga dama can tana zaman banza, ba abin da ta iya sai loma."

Murmushin ya bushe a fuskarsa. A hankali ya juyo ya dubi Fanta. Ba ta taɓa ganin irin wannan kallo a idonsa ba.

"Kin faɗa."

"Wallahi tallahi ban faɗa ba," in ji Fanta, hawaye na zuba. "Ni ma jiya na ji."

"Kai, bar ta," in ji Jinjiri. "Adda ai ta fi ka wauta, ita ta zaci ita ce mai gadin rumbu, alhali rumbun ba shi da bango." Ta ɗauki ƙorai biyu ta aza masa a cinya, ta nuna masa kwanciyar zare, ta nuna masa ƙulli, ta gaya masa maganar da tsohuwarsu ta yi shekara arba'in da ɗaya da suka wuce.

Malam Jafaru ya daɗe yana kallon ƙoran.

"Na san yana kwanciya daban," ya ce can ƙasa-ƙasa. "Ban zaci akwai mai kallo ba."

"Maza ne ba sa kallo. Ku dai a miƙo muku ku sha."

"Suna sane... suke kawo mini?"

"Suna sane suke wuce gyartai biyu a hanya su kawo maka."

Sai tsohon ya ɗaga hannunsa na hagu, wanda ko a gaban matarsa ba ya son ajiye shi a fili, ya rufe fuskarsa da shi. Kafaɗunsa suka shiga girgiza. Fanta ta rasa kuka yake ko dariya, ta durƙusa kusa da shi tana kallon yadda ƙirjinsa ke hawa da sauka, tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta. Jinjiri ta juya baya ta shiga gyaran ɗankwalin da ba abin da ya same shi.

Da ya lafa ya ce, "Damina guda hannun nan yana ɗaure a ƙuguna, Fulani. Ɗaurin rawanin har yau nakan ji shi."

"Na sani, Gyartai."

Ya goge ido. "A kira mini Sharfaddeen."

Sharfaddeen ya zo da la'asar tare da Zuwairatu. Tsohon bai yi kewaye-kewaye ba. Ya ce, "Malam, na sa ka wahala. Ni bahago ne. Ka gaya wa likita na yarda da aikin duka, amma akwai gyara a maganar da na yi mata."

Sharfaddeen ya buɗe baki ya dubi matarsa. Zuwairatu ta sunkuyar da kai tana wasa da yatsun jaririnta. "Akwai wata 'yar huda a asabarin," ta ce. "Duk mun leƙa muna yara. Ni ba a gaya mini wane hannu za a yanka ba, da tuni na faɗa maka."

"Ashe duk ƙasar nan ni kaɗai ne ban sani ba," in ji Sharfaddeen, "kuma ni aka tura rakiya!"

Wannan karon da Fanta aka koma asibitin. Likita Mubina mace ce ƙarama, mai tabarau, ba ta girmi Zuwairatu da yawa ba. Ta saurari Malam Jafaru har ya gama, sannan ta ce, "Baba, ni ma da laifina. Na tambaye ka hannu, ban tambaye ka sana'a ba. Kuma ni kaina an sha buge mini hagu da ludayi ina yarinya, ya kamata in fi kowa sanin amsar da ake ba wannan tambaya."

"Ke ma?"

"Ni dai an ci nasara a kaina. Kawo hannun daman mu gani, don sai ya cancanta."

Ta sa shi ya dunƙule hannun da ƙarfi, ta danne wuyan hannun da yatsu a wuri biyu, ta ce ya buɗe. Tafin ya yi fari fat. Ta saki gefe ɗaya ta riƙe ɗayan, tana kallon agogo. Fanta ta riƙe numfashi. Kafin ta ƙirga biyar jini ya dawo, tafin ya yi ja.

"Alhamdu lillahi," in ji likita. "Jijiyar da za ta rage ta isa ta riƙe hannun. Kuma an yi sa'a ta cinya muka bi ranar hoto, ba mu taɓa wannan ba. Za a sake dubawa da na'ura, amma ina sa rai." Ta dubi Fanta. "Mama, ba zan ɓoye miki ba, aikin babba ne, ƙofa da ratse biyu a zama ɗaya, kuma akwai haɗari. Amma barinsa ya fi haɗari."

"Ku yi naku, 'yata," in ji Fanta. "Mu ma za mu yi namu."

Da sassafe aka shiga da shi. Da aka zo tura gadon, ya miƙo mata hagunsa a gaban nas-nas da kowa, ta riƙe har bakin ƙofa. Ta yi walaha a kan benci, ta yi azahar a kan benci, carbi ya yi ta zagaye. Ana kiran la'asar likita ta fito da hular tiyata a kai, gumi a goshi, ta ce zuciyar ta karɓa, tana bugawa da kanta. Fanta ta zame daga bencin ta kai goshi ƙasa.

Jinyar ba ta zo da sauƙi ba. Ya yi kwanaki bai san inda yake ba, ya yi zazzaɓi, tari kuwa sai ya rungume matashi don zafin ƙirji. Sai da aka cire amfanin gona, aka ɗaure dawa, sannan ya fara zagaya gida ba sanda. Magunguna safe da yamma, Zuwairatu ta zana masa rana da wata a jikin kwalayen don kar a rikice. Babban yatsansa na dama kuwa ya yi dundum kamar yadda aka faɗa. Yakan ce ribarsa ɗaya, yanzu tuwo ba ya ƙona shi.

Wata safiya Fanta ta fito da tsintsiya, sai ta ga ya jawo tabarma ƙofar gida, gindin dalbejiya, inda masu zuwa rijiya ke wucewa. Ga ƙoran Jinjiri a gefe, ga zaren kaba a cikin ruwa, ga basilla.

"Gyartai, a nan?"

"Ɗakin duhu gare shi," ya ce, bai dube ta ba. "Na daɗe da sanin haka."

Ya ɗauki ƙwaryar Larai ya matse ta a tsakanin gwiwoyinsa, ya rufe ido, ya bi tsagar da babban yatsansa na hagu har ƙarshenta. Wasu mata biyu suka taho da bokitai. Fanta ta ga hannun ya ɗan tsaya, ya yi kamar zai koma baya. Sai ya ɗauki basillar.

"Sannu da aiki, Malam. Ya ƙarfin jiki?"

"Alhamdu lillahi. Sannunku da hanya."

Suka wuce suna hirarsu, ko waiwaye ba su yi ba. Fanta ta jingine tsintsiyar, ta zauna a bakin tabarmar, ta tsamo zare ɗaya daga ruwa ta miƙa masa.